Shekara Uku Ba Bugun Jijiya: Rayuwar Malam Nata'ala Mai Wankan Gawa

Haihuwa da asali

An haifi Malam Nata'ala Bukari a garin Ringim a cikin daminar shekarar 1951. Mahaifinsa, Malam Bukari, na'ibin limamin unguwa ne, kuma shi ake kira idan an yi rasuwa domin ya wanke mamaci ya suturta shi. Mahaifiyarsa, Hauwa, ta binne 'ya'ya uku kafin ta same shi, saboda haka duk da an yanka masa rago da sunan Muhammadu, kakarsa ta ce wannan dai a bar wa Allah Ta'ala kayansa, sai laƙabin ya danne sunan yanka har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu da annobar 1971

Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa yana da shekara goma sha huɗu, ya karanta littattafan farko na fiƙihun Malikiyya a zauren gidansu, sannan aka kai shi Kano ya yi karatun Larabci na zamani. A cikin shekarar 1971, ya zo hutu gida, annobar amai da gudawa ta afka wa ƙasar, har ya zamana Malam Bukari ba ya iya wanke mamatan shi kaɗai. A nan ne Nata'ala ya fara riƙe buta, yana da shekara ashirin.

A cikin wannan annoba aka kawo wani majemi mai suna Harun. Danginsa sun taɓa hannunsa ba su ji motsi ba, sun taɓa wuya ba su ji ba, mata sun yi kuka, an haƙa kabari. An gama wanka, ana shirin naɗa likkafani, sai Nata'ala ya ga babban yatsan ƙafar mutumin ya motsa. Harun ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, amma fa wace irin rayuwa! Ba mai sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi, yara na gudu idan ya shigo layi, kuma kasuwarsa ta mutu murus, domin wa zai sayi fata a hannun wanda aka riga aka wanke? Abubuwa biyu Nata'ala ya ɗauka daga wannan rana, ya kuma tafi da su har Masar: tsoron a rufe mai rai, da tsoron zama irin Harun a idon mutane.

Daga ranar mahaifinsa ya kafa masa ƙa'ida, cewa alamar mutuwa uku ce kuma ba a tsallake ko ɗaya: jijiyar hannu, jijiyar wuya, sannan a ɗora ɗan figen auduga a bakin hanci a zuba masa ido.

Zuwansa Alƙahira da aikinsa

A watan Oktoba na 1978 ya samu gurbin karatu a Azhar, ya kammala a fannin Shari'a a 1984. Bai koma gida ba, domin ya samu aikin gyaran kurakuran bugu a wata maɗaba'a, aikin da ya dace da halinsa na mutum mai bin diddigi, wanda wasali ɗaya kan hana shi cin abinci. A shekararsa ta biyu a Masar wani ɗalibi ɗan Zariya ya rasu, aka rasa mai wanke shi yadda aka saba a gida, sai Nata'ala ya naɗe hannun riga. Tun daga nan, duk Bahaushen da ajali ya riska a Alƙahira, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko maras lafiyar da ya zo neman magani, ta hannunsa yake bi.

An san shi da gaggawa. Ya kan ce girmama mamaci shi ne a hanzarta shi, kuma ba a taɓa jin gawar da ta kwana a hannunsa ba matuƙar takardar izinin binnewa ta fito. Ya koya wa mataimakansa tsari guda: a rufe ido, a ɗaure haɓa, a miƙe ƙafafu, sannan a cire duk wani abin duniya da ke jikin mamaci, agogo ne, zobe ne, laya ce, kafin jiki ya sandare. Babban mataimakinsa shi ne Alhaji Sada, ɗan kasuwar turare mutumin Maraɗi, wanda ya haddace wannan tsari kamar Fatiha.

Abu guda ne bai taɓa sabawa da shi ba a Masar, wato irin kabarin da yawancin mutanen birnin ke yi, ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa mai matakala, a kwantar da mamaci a ciki a rufe ƙofa da duwatsu. Duk lokacin da ya fito daga irin wannan ɗaki sai ya waiga. Sada ya taɓa tsokanarsa a kan haka, sai Malam ya ce masa mutum zai iya farkawa a can ya miƙe tsaye, ai ka ga abin ya fi muni.

Aure da iyali

A 1986 ya auri Awadiyya, 'yar Hausawan Sudan, haifaffiyar Wad Madani, mace mai kaifin harshe da saurin tafiya, wadda Hausarta ke cakuɗe da Larabcin Sudan. Allah ya ba su Kamilu a 1987, sai Humaira a 1990, sai tagwaye Hasan da Hussain a 1993, sai auta Ummul-Khairi a 1998. Hasan ya rasu yana da wata bakwai, kuma mahaifinsa ne ya wanke shi da hannunsa, bayan ya riƙe auduga a hancinsa fiye da sa'a guda. A 1995 suka tare a hawa na huɗu na wani bene a unguwar Hayyin Ashir, wanda akwai ƙaramin masallaci a ƙasansa.

Rashin lafiya

Ciwon ya bayyana a farkon 2011, a kwanakin da gari ya yamutse aka sa dokar hana fita. Matakalar da ya shekara goma sha shida yana hawa ta fara gagararsa, sai ya huta sau uku kafin ya kai ƙofa, ƙafafunsa suka kumbura, kwanciya ta gagara sai a jingine. Likitoci suka ce zuciyarsa ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. An yi shekara ana magani abin sai gaba yake yi.

A watan Afrilu na 2012 likitansa, Dakta Rashid, ya gaya masa cewa magani ya kai iyakarsa, saura abu guda: wani ɗan famfo na ƙarfe da za a dasa a jikin zuciya ya riƙa tura jinin. Waya za ta fito ta gefen cikinsa ta haɗu da na'ura da batura biyu da zai riƙa ratayawa, dare da rana, kuma idan aka raba shi da wuta, to sai dai wani ikon Allah. Wata gidauniyar marasa lafiya ta ɗauki nauyin aikin. Malam Nata'ala ya yi istihara kwana bakwai, ya tambayi malamai biyu ko wannan ba gudun ajali ba ne, suka ce neman magani ne. An yi aikin ranar 14 ga Mayu.

Kwana tara bayan aikin, hannunsa na dama ya kai kan tsintsiyar hannunsa na hagu, kamar yadda ya saba yi wa mutane shekara arba'in. Bai ji komai ba. Ya taɓa wuya, shiru. Gumi ya karyo masa. Dakta Rashid ya yi dariya ya ce ma'alish ya Shaikh, kada ka damu, ai an faɗa maka, famfon ba bugawa yake yi ba, zuba jinin yake yi ba tsayawa kamar ruwan famfo, shi ya sa ba za a ji jijiya ba. Ya sa masa abin sauraro a kunne, ya ji wata siririyar guɗa a ƙirjinsa kamar ƙarar firji. Likita na murna, shi kuwa a ransa lissafi yake yi: cikin alamu uku na mahaifinsa, biyu sun riga sun cika a kansa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin da ya ɓoye

An sallame shi da wani kati da aka ce ya rataya a wuya, wanda ke bayanin cewa mai wannan kati ba shi da bugun jijiya kuma kada a taɓa na'urarsa. Malam Nata'ala ya cusa katin a cikin wani littafi ya mayar kan kanta. Ya tara Awadiyya da Kamilu ya rantsar da su cewa maganar jijiya ba za ta fita daga ɗakin ba. Ya sa aka ɗinka masa jallabiyoyi masu faɗi, ya riƙa ɓoye ɗamarar baturan a ciki, duk wanda ya tambayi tudun da ke gefensa sai ya ce jakar magani ce. Harun majemi yake tunawa. Yana tsoron ranar da za a ce mai wankan gawa shi ma gawa ce ke yawo, a daina miƙa masa hannu a masallaci.

Awadiyya ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce masa, “Malam, kai da ka koya musu cire agogo, me kake zaton za su yi wa waya?” Tambayar nan ita ce ke hana shi sukuni, amma mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa. Ya daina wanka da kansa saboda an hana ruwa taɓa bakin wayar, sai dai ya zauna a kujera yana ba Sada umarni. Ya daina yin gyangyaɗi a gaban mutane. Ko a cikin mota barci ya fizge shi, sai ya mintsini cinyarsa.

Abin da ya faru a azumin 2013

Likita ya hana shi azumi, domin idan jini ya yi ƙaranci saboda ƙishirwa famfon ba ya samun abin turawa. A 2012 ya bi umarni ya ciyar. A 2013 kuwa ya ji ƙarfi a jikinsa, kunya kuma ta kama shi, yaya za a ga babban malami da kofi a hannu da rana tsaka? Ya ɗauki azumi a ɓoye. Ranar Lahadi 12 ga Ramadan, wadda ta yi daidai da 21 ga Yuli, ana tsananin zafi, an idar da sallar azahar a masallacin ƙasan benensu, ya yunƙura zai tashi sai ya kife.

Alhaji Sada ne ya fara isa. Ya taɓa hannu, babu. Ya taɓa wuya, babu. Fanka na kaɗawa, babu auduga a kusa, kuma wa zai nemi ta uku bayan biyu sun tabbata a kan dattijo mai ciwon zuciya? Ya yi salati, masallaci ya ɗauka. Wani abu na ta ƙara a cikin rigar, aka ɗauka wayar salula ce. Motar asibiti ba ta ma shiga lissafi ba, ga hanyoyin unguwar a toshe saboda zaman dirshan da masu zanga-zanga ke yi a lokacin. Sada yana hawaye ya yi wa malaminsa abin da malaminsa ya koya masa, bi da bi: ya juya shi alƙibla, ya shafe idanunsa, ya ɗaure haɓarsa da rawani, ya miƙe ƙafafunsa, ya cire agogo, ya zare zobe.

Malam Nata'ala ya ba da labari daga baya cewa tun ana ɗaure haɓar hankalinsa ya fara dawowa. Yana jin komai. Ya ji ana cewa a kira ofishin lafiya, ya ji wani na tambayar ko akwai likkafani a ajiye. Ya nemi ɗaga yatsa, yatsa ya ƙi. Ya nemi yin magana, ga baki a ɗaure. Kuma da yake shi ya tsara aikin, ya san abin da ke biye da zobe. Ya ji an ɗaga jallabiya, ya ji an kwance ɗamara, ya ji yatsun Sada na bin wayar suna neman inda ake zare ta. Ya ce bai taɓa sanin tsoro yana da ɗanɗano ba sai ranar.

Wani ya riga ya hau sama yi wa Awadiyya ta'aziyya. Ba ta tsaya jin ƙarshen maganarsa ba. Ta sauko hawa huɗu ba takalmi, ta ratsa sahun maza tana ture su, ta daka tsawa: “Ya zol, kai bawan Allah, ɗauke hannunka! Sada, ɗauke hannunka, da ransa!” Ta cafki kan Alhaji Sada, dattijo mai furfura, ta danna kunnensa a ƙirjin mijinta. Sada ya ji guɗar nan, ya ja da baya ya zauna daɓas. Aka kwance rawanin, aka ɗaga ƙafafunsa, aka ɗiga masa ruwa, aka ɗauke shi a motar wani maƙwabci. Ya kwana shida a asibiti.

Wasiyyarsa

Bayan ƙaramar salla ya sa aka tara masa mataimakansa da manyan ɗalibai a masallacin. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, laifin nasa ne ba na Sada ba, Sada bai yi komai ba sai abin da aka koya masa. Ya miƙa hannu ya ce kowa ya zo ya taɓa. Suka zo ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu sun daina gaisawa da shi hannu da hannu daga ranar, kuma ya lura, ya ji zafi, amma sauran ba su canza masa ba. Ashe abin da ya shekara yana gudu bai kai rabin abin da ya kusa jawo wa kansa ba.

Ya rubuta wasiyya da hannunsa, ya karanta musu. Kada kowa ya taɓa na'urar, ko ɗansa ne, sai Dakta Rashid, domin ba ya son wani cikin 'ya'yansa ya rayu yana tambayar kansa ko shi ya kashe ubansa. A riƙe auduga a hancinsa har likitan ya iso, komai daɗewa. A binne shi a kabari irin na gida mai lahadu, ba ɗaki ba. Wani ɗalibi ya ce ai sunna ita ce gaggawa, kuma daga bakin Malam suka ji. Malam ya ce haka ne, amma malaman fiƙihu sun ce wanda ake shakkar mutuwarsa a jinkirta masa har a tabbatar, “kuma ni nan da kuke gani, shakka ce ke tafiya da ƙafa biyu.”

Shekarunsa na ƙarshe

Tsoron bai tafi ba, sauya kama ya yi. A 2014 aka shiga yawan ɗauke wuta, sau da yawa a yini, ya zamana idonsa kullum na kan ƙananan fitilun baturan. Ranar Alhamis 4 ga Satumba da safe wuta ta ɗauke a kusan duk birnin, har jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya. Kamilu ya ɗauki abin caji da baturan ajiya a ka yana bin shaguna har ya samu wani kantin magani mai janareta, shi kuwa Malam yana zaune da carbi yana kallon fitila na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Saura guda Kamilu ya shigo. Malam ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

Duk da haka a cikin waɗannan shekaru ya aurar da Humaira, ya ga jikoki biyu, ya kuma gyara bugun littattafai huɗu yana gida. Sada ya riƙa yawo da auduga a aljihun gaba, ko kasuwa za shi.

Rasuwarsa da jana'izarsa

A farkon Maris na 2015 jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Bayan kwana takwas likitoci suka ce babu sauran abin yi, aka dawo da shi gida. Ranar Juma'a 22 ga Jimada Ula 1436, daidai da 13 ga Maris, da hantsi, Awadiyya ta ga ƙirjinsa ya daina ɗagawa. Hannu shiru, wuya shiru, kamar jiya, kamar bara. Famfon kuwa yana ta guɗarsa.

Dakta Rashid yana birnin Iskandariyya. Aka buga masa waya, ya gaya wa Kamilu yadda zai tsayar da ƙarar gargaɗin na'urar, ya ce ga shi nan tafe. Labari ya bazu, jama'a suka cika masallaci da niyyar a sallace shi bayan Juma'a, har wasu na cewa jinkirin ya isa haka. Alhaji Sada ya durƙusa a gefen gado da figen auduga a bakin hancin malaminsa, aka kashe fanka, aka rufe taga. Bai je Juma'a ba. Sau biyu ya ce ya ga ta motsa, ɗaki ya ɗauke numfashi, ashe hannunsa ne ke rawa.

Likitan ya iso bayan la'asar. Ya haska idanu, ya saurari ƙirji, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi musu ta'aziyya, ya zare baturan da hannunsa kamar yadda wasiyya ta ce. Guɗar da gidan ya shekara kusan uku yana ji ta tsaya. Sai a lokacin Awadiyya ta yi kuka. Sada bai janye hannu ba. Likita ya dafa shi ya ce halas ya Hajj, an gama, Malam ya tafi. Sada ya ce, “Malam ya ce kada a yi gaggawa.” Aka bar shi har aka kira magariba, sannan Hussain ya ɓamɓare yatsunsa daga audugar, domin sun ƙage.

Gawarsa ta kwana, abin da bai taɓa bari ya faru da ta wani ba. Ranar Asabar da safe Sada ya wanke shi da ruwan magarya da kafur, aka sallace shi, aka binne shi a wata maƙabarta da ke bayan gari, a kabari mai lahadu irin na Ringim. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu ba kaɗan.

Ya bar matarsa, Hajiya Awadiyya, wadda har yau ba ta iya barci a ɗakin da ya yi shiru, sai ta kunna fanka ko da sanyi ake yi. Ya bar 'ya'ya huɗu: Kamilu, malamin makaranta a Alƙahira, Humaira, tana aure a Kano, Hussain, wanda ya karɓi butar mahaifinsa yana aiki tare da Alhaji Sada, da Ummul-Khairi, tana karatun aikin jinya. Allah ya jiƙan Malam Nata'ala, ya haɗa shi da ɗansa Hasan, ya sa barcin da ya shekara uku yana tsoron yi ya zame masa hutu.